Badujalar mahaƙa kwal: amsar Kawu

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso ni lafiya. Ka ce ranar Asabar ta biyu a watan Yuli ka wayi gari titunan Durham, birnin nan na arewacin Ingila, sun cika maƙil, ƙauye bayan ƙauye na tafe da manyan tutoci, kowace tuta da 'yan badujalarta. Ka ce can sai suka busa wani take mai sanyi, jama'a suka yi tsit, tsofaffi na share hawaye. Kana son sanin me ya haɗa mahaƙa kwal da busa ƙaho, me ake wa biki tunda ramukan duk an rufe su, kuma ko abin ibada ne. Na ji daɗin tambayar, domin mutanen nan na zauna cikinsu a yankin Yorkshire na Ingila ina saurayi, na ci abincinsu, kuma har gobe ina ganin girmansu.

Ka fara da abin da ka sani. A wajenmu maƙera na da makaɗansu, mahauta na da nasu, manoma na da gangar noma. To amma mu makaɗi daban, mai sana'a daban. Su kuwa mutumin da ya wuni cikin rami yana sarar kwal, shi ne zai fito ya wanke baƙin jikinsa, ya ɗauki ƙaho ya tafi gwaji da yamma. Kiɗan nasu ne, da bakinsu, da kuɗinsu. Idan ka riƙe wannan, sauran ba zai ba ka wuya ba.

Abin ya samo asali ne a ƙarni na 19, lokacin da aka ƙera ƙahonin tagulla masu maɓallai uku. Yatsu uku sun ishe ka, ko da kuwa hannunka ya yi kanta saboda aiki. Ƙahon ba ya tsoron ruwan sama, ana jin sa daga nesa, kuma ana sayar da shi bashi a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Wani abin da ya taimaka shi ne yadda ake danna maɓallan kusan iri ɗaya ne daga ƙaramin ƙaho har babba, don haka yaro zai fara da ƙarami, idan babba ya rasa mai busawa sai a miƙa masa. Masu ramukan ma sun so abin. A lissafinsu, wanda ke wurin gwaji ba ya gidan giya, kuma sunan kamfani na tafiya duk inda badujala ta je. Wanda ya iya busa sosai akan nema masa aiki mai sauƙi a saman ƙasa don kada wani ƙauye ya janye shi. Sauran ma'aikata kuma ana cire musu 'yan kwabbai daga albashi kowane mako don sayen kaya da ɗinka riguna. Shi ya sa ko wanda bai taɓa sa ƙaho a baki ba, idan ya ce "badujalarmu", gaskiya ya faɗa.

Wadda na fi sani ita ce ta Grimethorpe, wani ƙauye kusa da garin Barnsley a Yorkshire. An kafa ta a 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, don ma'aikatan ramin su sami abin yi bayan an tashi aiki. Mutum wajen 25 ne ke busa, sai masu ganga. Rayuwarsu gasa ce, kuma yadda ake gasar ya burge ni ƙwarai. Kowace badujala take ɗaya za ta busa, wanda aka ba kowa tun da wuri. Ana jefa ƙuri'a a san wa zai fara. Alƙali kuma ana sa shi cikin wani ɗan akurki da aka rufe da labule a tsakiyar zaure, ba ya ganin kowa, lamba kawai ya sani. In ya shirya sai ya hura usur, a fara. Ba sani ba sabo, kunnensa kaɗai zai yi hukunci. A haka Grimethorpe ta ci gasar ƙasa a 1970. Daga 1972 wani gwani, Elgar Howarth, ya zama jagoransu, ya jawo manyan masu tsara kiɗa irin su Harrison Birtwistle suka rubuta musu sababbin take. A 1974 suka busa a bikin kiɗan Proms na BBC a Landan, inda a da ba a tunanin 'yan ƙauyen kwal za su taka.

Daga nan sai wahala ta zo. A 1984 aka shiga yajin aikin da ya kai shekara guda, ƙungiyar mahaƙa ƙarƙashin Arthur Scargill a gefe ɗaya, gwamnatin Margaret Thatcher a ɗaya gefen, a kan shirin rufe ramuka. Gidaje sun sha yunwa, mata suka buɗe wuraren dafa abinci na gayya, 'yan'uwa suka daina gaisawa saboda wani ya koma aiki. Da yajin ya karye a watan Maris na 1985, ka san yadda suka koma? A ƙauyuka da yawa da asuba suka jeru, tuta a sama, badujala na busa, mata da yara na tafi a bakin hanya, har ƙofar rami. An ci su da yaƙi, amma ba su yarda su shiga a sunkuye ba. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Ranar 13 ga Oktoba 1992 gwamnati ta bayyana cewa za a rufe ramuka 31, har da na Grimethorpe. Mako bai zagayo ba sai ga ranar gasar ƙasa a zauren Royal Albert Hall. Mutanen da aka gama shaida wa cewa abincinsu ya ƙare suka hau mota zuwa Landan, suka busa, alƙalai suka ba su maki 99 cikin 100, suka ɗauki kofi. Bai hana komai ba, a 1993 aka rufe ramin. Ƙauyen ya shiga talauci mai tsanani, shaguna suka rufe, matasa suka watse. Labarin nan ne aka gina fim ɗin Brassed Off a kansa a 1996, kuma 'yan badujalar ne suka busa kiɗan cikinsa. Badujalar dai ba ta mutu ba. Ta sake cin gasar ƙasa a 2006 da 2007, ta busa a bikin buɗe wasannin Olamfik na Landan a 2012, kuma har yau ba ta cire sunan ramin daga sunanta ba, alhali masu busa yanzu wasu malaman makaranta ne, wasu ɗalibai, wasu ba su taɓa ganin cikin rami ba. Akwai masu cewa wannan riƙon suna ne kawai. Ni ban yarda ba. Kakanninsu ne suka sayi ƙahonin farko da guminsu, jikoki na da haƙƙin sunan.

Yanzu taken da ka ji. Sunansa Gresford, su kuma suna ce masa waƙar mahaƙa, ko da yake babu kalma ko ɗaya a cikinsa. Gresford rami ne a arewacin Wales. Ranar 22 ga Satumba 1934 iskar gas ta fashe a ciki, mutum 266 suka rasu, kuma gawa 11 kacal aka iya fitowa da su. Sauran aka toshe ramin suna ciki. Wani mahaƙi daga garin Hebburn a arewacin Ingila, Robert Saint, shi ya tsara taken don tunawa da su. Tun daga nan ya zama abin da ake busa wa duk wanda rami ya ci, da wanda ƙurar kwal ta cinye masa huhu a hankali. Tsohon da ka gani yana kuka, wataƙila da wannan taken aka raka mahaifinsa makabarta. A ƙauyen kwal badujala ce ke gaban gawa, ita ce a bikin yara, ita ce ranar tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi.

Taron Durham kuwa tun 1871 ake yin sa, kuma na ƙungiyar ƙwadago ne. Kowace tuta reshen ƙungiya ce ta wani rami. A da, ramin da ya yi rashi a shekarar akan yafa wa tutarsa baƙin ƙyalle, kowa ya gani ya sani. Ramukan yankin sun ƙare tun farkon shekarun 1990, babban rami na ƙarshe a duk Birtaniya, Kellingley, an rufe shi a 2015, amma mutanen ƙauyukan suka ci gaba da tara kuɗi suna gyara tsofaffin tutoci suna ɗinka sababbi. Ɓangaren ibada shi ne wanda ake yi da rana a babbar majami'ar garin, inda ake shiga da sababbin tutoci a sa musu albarka. Wannan nasu ne, ba sai ka shiga ba, kuma ba wanda zai ga laifinka. Na kan titi kuwa juyayi ne da zumunci, irin wanda maƙwabci ke tsaya wa maƙwabci.

Don haka baɗi in Allah ya kai mu, ka fita da wuri ka sami wuri kusa da otal ɗin County, nan kowace badujala ke tsayawa ta busa wa shugabannin ƙungiyar da ke saman bene. Idan aka fara Gresford ka daina magana, ka mayar da waya aljihu, ka tsaya cik har su sauke ƙahoninsu. In ka ga dattijo kusa da wata tuta, ka gaishe shi da ladabi ka tambaye shi wane rami ne nasu da shekarar da aka rufe shi, zai ba ka labari har ka gaji. Ka rubuto mini sunan ƙauyen da abin da ya faɗa maka. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Kawunka