Yadda za ka bambance Instax Mini 9, 11 da 12

Ɗan'uwa, ka ce kana son sayen kyamarar Fujifilm mai fitar da hoto nan take don ɗaukar biki da suna a ƙauyenku na wajen Ringim, amma duk kamarsu ɗaya a idonka. To, ka riƙe ta a hannu ka dubi bakinta.

Mini 9, ta 2017, tana da zobe a jikin gilashin gaba mai zanen gida, gajimare da rana, kai ne za ka murɗa shi daidai da hasken wurin. In ka manta, ranar azahar za ta wanke fuskar amarya fari fat. Mini 11 ta fito a 2020, ita ke auna haske da kanta. Maɓalli ake dannawa bakin ya fito, in za ka ɗauki na kusa sai ka ƙara jawo shi. Mini 12, ta 2023, ba maɓallin kunnawa, bakin ake murɗawa. In ka ga wadda ba ƙaramin madubi a gaba, galibi Mini 8 ce, ta girme su duka, kada ka biya kuɗin sabuwa.

Ni dai 11 ko 12 zan ba ka shawara, domin su ke auna haske da kansu, ga shi kowane ƙunshin fim hoto 10 ne kacal, kuma wanda ya lalace kuɗinka ne ya tafi. Fim ɗinsu ɗaya, girman katin banki, batir biyu irin na agogon bango. Kada ka bar fim cikin ɗakin kwano lokacin bazara, zafi na ɓata launinsa.