Tambayoyin Masu Karatu: Mi as sa kiɗan ƙarshen fim ya sa ni hawaye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne nan Sakkwato, Mabera nike zaune. Shekaranjiya da dare an ɗauke wuta ga zafi, sai na shimfiɗa tabarma tsakar gida na sa iyafis na ƙarasa kashi na uku na The Lord of the Rings a waya. Wallahi ba duka turancin nika ji ba, amma can ƙarshe da Frodo, jarumin fim ɗin, zai shiga jirgin ruwa abokanai na kuka, sai na ji wani kiɗa awa na daɗe da sanin shi, ban ankara ba sai hawaye. Mi as sa haka?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ai ka san kiɗan ne da gaske, tun baya aka yi ta sa maka shi a kunne ba ka lura ba.

Kai da kake Basakkwace abin ba zai maka wuyar ganewa ba, domin mu muna da take. Ka je filin dambe ka tsaya kusa da masu kalangu, ana kaɗa taken wani ɗan dambe za ka ga ya zabura yana tsuma tun ba a kira sunansa ba, 'yan kallo ma sun san wa ake nufi. To ka ɗauka mutumin nan ya rasu, bayan shekaru makaɗi ya sake buga taken nasa a hankali, ai kiɗan bai canza ba amma wanda ya san shi sai ya ji zuciyarsa ta karye. Abin da Howard Shore, mutumin Kanada da ya tsara kiɗan finafinan ukun na 2001, 2002 da 2003 ya yi ke nan. Turawa na ce wa dabarar laitmotif, kalmar Jamusanci ce, kuma wanda ya fi shahara da ita shi ne mai tsara kiɗa Richard Wagner da aka fara nuna babban wasansa cikakke a garin Bayreuth a 1876.

Shore ya ba garin su Frodo take, ya ba zoben da Frodo zai je ya hallaka take, ya ba ayarin mutum taran da suka fita wannan tafiya take. Na garinsu shi ne wanda ake busawa da 'yar sarewa a farkon kashi na ɗaya, lokacin ba su san komai ba sai noma da ci da sha da dariya. Yanzu ka koma kashi na uku wurin da Frodo da amininsa Sam suke kwance a gindin dutsen wuta, leɓe ya tsage don ƙishi, fuska duk toka, Sam yana tuna wa Frodo gida, za ka ji sarewa ta shigo siririya ita kaɗai kamar daga nesa. Mabushin sarewa James Galway ne ke busa a wurin. Ba wanda ya ce maka ka tuna korayen gonakin nan, kunnenka ne ya tuno maka.

Shi kuwa wanda ya sa ka hawaye a bakin teku, an riga an ɗanɗana maka shi. Yana fitowa sanda dattijo Gandalf ke kwantar wa Pippin, abokin Frodo, da hankali kan mutuwa alhali maƙiya na dukan ƙofa, sannan ya taso da ƙarfi sanda Sam ya saɓa Frodo a kafaɗa ya hau dutse da shi. Ka ga kafin a zo wurin jirgi zuciyarka ta riga ta haɗa wannan kiɗa da rabuwa da kuma aboki da bai gudu ya bar ka ba, shi ya sa da ya dawo a natse bai buƙaci tafinta ba. Shi ne dai ya zama waƙar da mawaƙiya Annie Lennox ta rera ana rubuta sunaye, kuma waƙar da kiɗan duk sun ci kyautar finafinai ta Oska cikin guda 11 da fim ɗin ya kwashe.

Wasu na ƙorafin wai ƙarshen ya yi tsawo, a ce an gama sai a sake dawowa. Ni gaskiya ban yarda da su ba, take nawa aka ɗauko tun farko? Ai dole a sallami kowanne. Kuma ina burin ranar da masu fim ɗinmu na gida za su riƙe wannan sosai, tunda take gadonmu ne, a ba yarinya nata kiɗan tun fitowar farko a yi ta juya shi har ranar da za a kai ta ɗakin miji.

In ka samu caji ka sake kallon wurin da Sam ya dawo gida ya ɗauki ɗiyarsa suka shiga aka rufe ƙofa. Ka rufe ido ka bar kunne kawai, sai ka rubuto ka gaya mini taken wa ka ji.