Hoto na fita, murya babu: Linux da lasisin bidiyo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gyaran waya da caji a wani ƙauye kusa da Gumel. Nakan sayo tsofaffin kwamfutoci a Kano, in sa musu Linux, in sayar wa masu gidan kallo. Wani bidiyon hoto na fita amma babu murya, wani kuma sai tsinkewa. An ce min wai sai na biya lasisi. Ba kyauta ba ne Linux ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Linux kyauta ne, amma dabarar da aka matse bidiyon da ita, wato kodek, tana da masu ita. MP4 ko MKV da kake gani a sunan fayil buhu ne kawai. Abin da aka zuba ciki shi ne magana. Hoton zai iya zama H.264 ko H.265, sautin kuma AAC, E-AC-3 ko DTS. In hoto ya fito babu murya, yawanci kodek ɗin sautin ne babu. Buɗe fayil ɗin da VLC, manhajar kallon bidiyo, danna Ctrl da J, zai nuna maka sunayensu.

Haƙƙin ƙirƙira (patent) da ke kan kodek yakan yi shekara 20, kuma a ƙasar da aka yi masa rajista yake aiki. An daina karɓar kuɗin lasisin MP3 a 2017, na MPEG-2 kuma ya ƙare a Amurka a 2018. H.264 da H.265 ne ake ta fama da su. A tsarin da MPEG LA, hukumar da ta riƙa karɓar kuɗin lasisin, ta kafa wa H.264, na'ura 100,000 na farko a shekara ba a biya, daga nan santi 20 na dalar Amurka kowace ɗaya. Ka lura, mai ƙera na'ura ko mai rarraba manhaja ake bi, ba mai zaune yana kallo ba. Shi ya sa Fedora, wani nau'in Linux da ke ƙarƙashin dokar Amurka, ta cire tallafin katin hoto ga H.264 da H.265 a 2022.

Ga aikinka, Linux Mint ya fi sauƙi. Wajen girkawa akwai akwatin kodek da ake yi wa alama, amma sai da intanet, don haka yi aikin inda sabis ke da ƙarfi. A Ubuntu kuwa buɗe Terminal, wato wurin rubuta umarni, ka rubuta sudo apt install ubuntu-restricted-extras vlc. VLC yana zuwa da nasa kodek ɗin, kuma shi kaɗai kan warware matsalar muryar.

Tsinkewa kuwa yawanci ba ta lasisi ba ce. Injin Intel da bai kai ƙarni na shida ba ba shi da cikakken sashen karanta H.265, sai aikin ya faɗa kan injin gaba ɗaya: fanka ta yi ta ihu, kwamfuta ta ɗau zafi, batirin sola ya zube kafin a tashi kallo. Juya fayil ɗin da manhajar HandBrake zuwa H.264 da AAC a 720p. Zai iya ƙara nauyi, amma zai tafi sumul.

Tunda sayarwa kake yi, a ganinmu ka bar mai saye ya girka kodek da hannunsa, kana nuna masa, domin wanda ya sa shi a kayan sayarwa ya zama mai rarrabawa. Ko OpenH264, kodek ɗin H.264 da kamfanin Cisco ke biya wa lasisi tun 2013, sharaɗinsa shi ne a sauko da shi daga Cisco zuwa na'urar mai amfani, ba a kwafa daga filasha ba. In ciniki ya bunƙasa har ka fara shigo da akwatunan kunna bidiyo da sunanka, nemi takardar lasisi daga masana'antar, ka kuma ga lauya.

Wannan duka bai shafi haƙƙin fim ɗin kansa ba. Kodek mai lasisi ba ya halatta tura fim ɗin Kannywood ko haska shi a gidan kallo ba da izinin mai shi ba. Wannan yana ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022.