Idan aka hana kamfanoni korar ma'aikata, rashin aiki zai ragu?

Tambaya: Malam, kamfani ya sallami yayana bayan shekara tara yana musu aiki, wai ciniki ya ja baya. Me zai hana gwamnati ta haramta kora gaba ɗaya, ai da marasa aiki sun ragu ko?

Amsa: Allah ya musanya masa da mafi alheri, wallahi abin da ciwo, magidanci ya wayi gari ba albashi ga kuɗin haya ga na makaranta. Amma ɗan'uwa, mai kamfanin da ya san in ya ɗauki mutum ba zai iya sallamarsa ba ko da kasuwa ta mutu, to tun farko ma ba zai ɗauka ba, sai kora ta ragu ɗauka ma ta ragu, wanda ke ciki ya samu kwanciyar hankali, matashin da ke yawo da takardunsa a ambulan shi ke shan wahalar.

An gwada a Indiya. A 1976 suka ce masana'antar da ke da ma'aikata 300 sai ta nemi izinin gwamnati kafin ta rage mutane, a 1982 suka sauko da shi zuwa 100, sai masu masana'antu da yawa suka ƙi faɗaɗawa ko suka koma ɗaukar 'yan kwantiragi, har a 2020 majalisarsu ta mayar da shi 300. Sifaniya kuwa kafin 2012 kuɗin sallamar ma'aikacin dindindin ya kai albashin kwana 45 kan kowace shekarar da ya yi yana aiki, shi ya sa kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikata suka zama na wucin gadi, da tattalin arziki ya karye su aka fara watsarwa, rashin aiki ya haura kashi 26 cikin ɗari a 2013.

Ni tsarin Denmak ya fi kwanta min, kora ba wuya amma ana biyan wanda ya rasa aiki alawus ana koya masa sana'a don ya samu wani.

Shi kuma yayanka kada ya haƙura haka nan. Sashe na 20 na dokar ƙwadago ta Najeriya ya ce in za a rage ma'aikata a sanar da ƙungiyar ma'aikata, a fara da wanda ya shigo daga baya, a kuma tattauna kuɗin sallama. Ya ɗauki takardar ɗaukarsa aiki da ta sallamar ya kai wa ƙungiyarsu ko lauya, in ta kama a je kotun ma'aikata.