Tambaya da Amsa: Shin Iya Harshe Yana Mayar da Baƙo Ɗan Gari?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibar adabin Ingilishi ce, kuma na lura cewa a labaran ban tsoro na Turawa da ake kira Gotik, dodanni da baƙi sukan dage wajen koyon harshen mutanen da suka tarar. Shin marubutan suna nufin harshe ne ke sa a karɓi bare? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kin lura da kyau, sai dai a ganina marubutan sun fi damuwa da nuna inda amfanin harshe yake tsayawa.

Ki duba Frankenstein na Mary Shelley, wanda ya fito a 1818. Halittar da Victor Frankenstein, wani ɗalibin kimiyya, ya haɗa ta tashi ba uwa ba uba, ba ta san ko kalma ɗaya ba, har ta ɓuya a wata 'yar rumfa da ke jikin gidan iyalin De Lacey, Faransawan da ke gudun hijira a Jamus. Ta wata 'yar kafa a bango take leƙe tana saurare lokacin da Felix, ɗan tsoho De Lacey, yake koya wa baƙuwarsu Safie Faransanci, wato baƙi biyu ne suke ɗaukar darasi ɗaya, ɗaya a cikin ɗaki ana lallashinta, ɗaya a waje babu wanda ya san da ita. Shawarar da halittar ta yanke ita ce ba za ta bayyana kanta ba sai harshen ya zauna a bakinta, da fatan daɗin magana zai rufe munin kama.

Dabarar ta yi aiki a kan mutum ɗaya tak, tsoho De Lacey, wanda makaho ne. Ya saurare ta, ya ce ya ji alamar gaskiya a kalamanta, ya kuma yi niyyar taimaka mata. Ana cikin haka masu ido suka shigo: Agatha, 'yar tsohon, ta suma, Safie ta ruga waje, Felix ya rufe halittar da duka da sanda. Mu kan ce baƙo ko da ido makaho ne, to a nan masu masaukin ne idonsu ya hana su ji. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne daga baya fasahar maganar ta koma laifi, domin Victor ya gargaɗi Walton, shugaban jirgin ruwan da yake ba labarinsa, kada ya yarda da halittar saboda ta iya jan hankali da baki.

Dracula na Bram Stoker, na 1897, ya juya al'amarin. Shi Dracula dodo ne mai shan jinin mutane, basarake a Taransilbaniya ta gabashin Turai, ya tara littattafai da jaridun Ingilishi a fadarsa, kuma ya roƙi lauya Jonathan Harker ya riƙa gyara masa kowane kuskure komai ƙanƙantarsa, don kada lafazinsa ya tona shi a titunan Landan. Shi kam ba ƙauna yake nema ba. So yake ya saje da jama'a yadda zai yi farautarsu ba tare da an juyo an kalle shi ba, kuma wannan ne tsoron da Stoker ya taɓo a zukatan masu karatunsa na Ingila: baƙon da ya iya harshensu har kunne ya kasa bambanta shi da ɗan gida.