Waifa tana ƙara tana barin zane a gilashi: a wanke ko a canza?

Malam, ka ce waifar 'yar tsohuwar motarka tana kuka, tana kuma barin layi-layi a gilashin gaba, kana tambaya ko sai ka sayi sabuwa. Kafin ka saya, ɗaga ta ka goge bakin robar da jiƙaƙƙen tsumma da ɗan sabulu. Za ka ga baƙin datti ya fito a tsumman. Sau da yawa ƙura da maiƙo ne kawai. Kada ka sa mata fetur, yana cinye roba.

Sannan bi bakin da yatsa. In ka ji ya yi tauri, ko ya tsattsage, to rana ta gama da ita, wanki ba zai dawo da ita ba. Akasari robar takan yi wata 6 zuwa 12.

In za ka sayi sabuwa, auna tsawon kowace, domin ta gefen direba takan fi ɗayar tsawo. In robar kaɗai za ka canza, adana siraran ƙarafa biyun da ke jikinta, su ne ke riƙe ta.

Abin da na fi jiye maka shi ne hannun waifar in ka cire ta. Sifirin ne ke jan sa, in ya kuɓuce ya daki gilashi zai iya tsaga shi. Don Allah shimfiɗa tawul a kan gilashin tukuna.

In ka sa sabuwa amma tana tsallake wani wuri, mai yiwuwa sifirin hannun ne ya saki, tsofaffin motoci na yawan yin haka. Kuma ka daina kunna ta a busasshen gilashi, fesa ruwa tukuna.