Ku Tambaya Mu Amsa: yaro ya amsa da bakinshi, shi ke nan shi ya yi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ɗan ƙanwata ne, shekararshi 17, shina koyon gyaran waya wajen wani maigida cikin kasuwa. Waya ukku sunka ɓace a shagon, anka kama shi anka tsare kwana biyu, daren na biyu yac ce shi ya ɗauka har ya sa hannu ga takarda. Da munka je ganinshi kuka kawai shikai shina rantsuwa bai ɗauka ba, wai ce mishi anka yi in ya amsa za a bar shi ya koma gida. Maigidana ya ce babu mai hankalin da zai ɗora ma kanshi sata in bai yi ba, ni kuma zuciyata ta ƙi. Shin ana haka? Daga wata uwa, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kawo mafita. Eh ana haka, kuma sosai. Ban ce yaronku bai ɗauka ba don ban kasance wurin ba, amma maganar maigidanki cewa mai hankali ba ya amsa abin da bai yi ba, wannan kam masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da rushe ta.

A 1996 wani masani a Amurka, Saul Kassin, ya zaunar da ɗaliban jami'a gaban kwamfuta, aka ce su yi ta buga haruffa amma kada su kuskura su taɓa maɓallin ALT don injin zai lalace. Can sai kwamfutar ta mutu, da ma haka aka shirya, aka ce ai ku kuka taɓa. Ba wanda ya taɓa fa. Amma kashi 69 cikin ɗari suka sa hannu cewa su ne, kashi 28 ma har zuciyarsu suka yarda sun taɓa ɗin. To waɗannan manya ne 'yan jami'a, ba mari ba yunwa ba kwanan sel, ina ga yaro ɗan 17 da ya kwana biyu bai ga uwarshi ba, ga sauro ga zafin Sakkwato, ga mutum tsaye kanshi yana cewa sa hannu kawai ka tafi gida? Yaro a wannan halin ba ya lissafin kotu ko gidan yari, lissafinshi ɗaya ne, yadda zai fita ɗakin nan yau.

Irin haka ta faru a Niyok a 1989, aka kama samari biyar 'yan shekara 14 zuwa 16 kan fyaɗe da dukan wata mata a wurin shaƙatawa na Central Park. Bayan dogon titsiye suka amsa, huɗu daga ciki har gaban kyamara, alhali labarin kowa ya saɓa da na ɗan uwanshi kuma gwajin DNA bai dace da ko ɗayansu ba. Duk da haka aka ɗaure su. Sai 2002 ainihin mai laifin, Matias Reyes, ya fito ya faɗa, gwaji ya tabbatar. Ɗaya daga cikinsu ya yi kusan shekara 13 a kulle.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wajenmu, duk wanda ya yi karatun zaure har ya kai Risala ya san wanda ya yi iƙirarin sata in ya janye ba a yanke mishi hannu, sai dai zancen biyan kayan. Kuma da Ma'izu ya zo da ƙafarshi yana iƙirarin zina, Manzon Allah (SAW) kawar da kai ya yi ta yi har sau huɗu, ya kuma bincika ko yana da taɓin hankali. Wanda ya kawo kanshi ke nan fa.

Abin yi yanzu Hajiya, ku nemi lauya yau ba gobe ba, in ba hali ku je hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya, Legal Aid Council, kyauta suke yi, kuma ku faɗa musu shekarun yaron tun farko. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya ga lauya, sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 kuma ya hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa ko wata magana da za ta sa a kasa yarda da shi. Amma ga inda mutane ke faɗawa rami, dole lauya ya yi ƙorafin a daidai lokacin da aka miƙa takardar gaban alƙali, sai a tsaya a yi ƙaramar shari'a kan yadda aka samo ta. In aka yi sake ta shige, fitar da ita aiki ne ja, kuma kotu na iya ɗaure mutum da iƙirarinshi kaɗai. Sannan ku tambaya, a cikin takardar nan akwai abin da ɓarawo kaɗai zai sani? Ya faɗi inda wayoyin suke, an je an same su? In mutum ya amsa sata amma ya kasa nuna kaya ko wanda ya sayar mawa, akwai lauje cikin naɗi.

Tambaya: Malam muna gani a fim wani gwani zai duba inda anka yi kisa kawai yac ce mai laifin shekararshi kaza, bai da mata. Gaskiya ne ko ƙarin gishiri? Ɗalibi daga Runjin Sambo.

Amsa: Ɗana, aikin akwai shi, hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ma ta buɗe mishi sashe tun 1972, amma gishirin ya fi miyar yawa. Labarin da ake yawan kafa hujja da shi na likitan ƙwaƙwalwa James Brussel ne, da ya siffanta mai dasa bama-bamai a Niyok a 1956. An kama mai laifin, George Metesky, a 1957, sai dai wata ma'aikaciya ce ta tono sunanshi cikin tsoffin fayil na kamfanin wutar da ya taɓa yi ma aiki. A 2002 kuma da ake harbe mutane a kewayen Washington, masana suka cika talabijin cewa bature ne shi kaɗai, jama'a na ta neman farar mota, ashe mutum biyu ne baƙaƙen fata cikin shuɗiyar Chevrolet.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne namu na gida, wai idonshi ya yi ja, wai ya kasa haɗa ido da mutane, wai baƙo ne a unguwa. Yaron da aka tarbiyyantar a gidan Hausa ai ba ya kallon babba cikin ido ko ya yi ko bai yi ba. Da zarar mai bincike ya ƙudurta a ranshi wannan ne, ya daina tambaya ya koma neman sa hannu, ba mamaki ma ta nan aka fara da yaron Hajiyar Mabera, tunda shi ne ƙarami a shagon.